Ni'imar da Muke Jin Nauyin Ambatonta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincinSa su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa idan Manzon Allah (SAW) ya fito daga makewayi yakan nemi gafarar Ubangijinsa. Wasu malamai sun ce hikimar ita ce bawa ba zai iya cika godiyar wannan sauƙi ba. Ban fahimci zurfin maganar ba sai da na je duba wani dattijonmu na nan Gorton a gadon asibiti. Shekaru ya yi yana fama da bushewar ciki, yana shan jiƙon da ake aiko masa daga Kano da sunan maganin basir, kunya ta hana shi gaya wa likita. Ashe 'yan aljihuna ne suka fito a bangon babban hanjinsa, har ɗaya ya kumbura ya yi ƙwayar cuta.

Aikina na injiniya ya koya mini cewa idan matsi ya yi yawa a bututu, wurin da ya fi rauni ne ke bullewa. Haka yunƙuri yake yi wa hanji. A 1971 likitoci biyu, Neil Painter da Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Uganda, suka danganta yawaitar cutar a Turai da ƙarancin harza a abinci. Mu kuwa mun baro gero da dawa da wake da zogale, mun rungumi farin burodi da soyayyar kaza ta kan titin Hyde. Hukumar lafiya ta NHS tana son baligi ya ci giram 30 na harza kullum. Wake, alkama da dusarta, miyar kuka da kuɓewa duk suna shagunan Longsight. A ƙara su sannu a hankali, da ruwa mai yawa, musamman tsakanin buɗa-baki da sahur, a kuma riƙa taka ƙafa, ko da zagayen Debdale Park ne.

Masu aikin dare a gidajen kula da tsofaffi da rumbunan kaya, ku daina danne buƙata. Muslim ya ruwaito hani ga yin salla alhali mutum yana matse da fitsari ko bayan gida. Abin da aka jinkirta salla dominsa, yaya za a danne shi saboda aiki?

Wanda ya ga jini, ko ciwo a ƙasan cikinsa ta hagu tare da zazzaɓi, ya nemi likitansa ko ya kira 111, kada ya sha ibuprofen da kansa. Iyayenmu masu shekara 50 zuwa 74 kuma, kwalin gwajin kansar hanji da ake aiko muku ta gidan waya ba abin ƙyama ba ne. Ku cika ku mayar.

Dattijon namu ya koma gida. Allah Ya ƙara masa lafiya, da sauran marasa lafiyarmu na Manchester da Birmingham.