Shirun Dajin W

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

Idan ka bar Yamai ka bi hanyar Say da Tamou, bayan kimanin kilomita 150 za ka isa Tapoa, ƙofar gandun dajin W. Ya sami sunan ne daga yadda kogin Isa ya lanƙwashe a wurin kamar harafin W na boko. An keɓe shi a 1954, ya kuma ratsa ƙasa uku: Nijar, Benin da Burkina Faso.

A shekarun da baƙi ke zuwa, da rani ake shiga, sa'ad da ciyawa ta bushe, namun daji kuma suna taruwa a bakin ruwa. Ja-gora yakan sa direba ya kashe mota, ya ce kowa ya yi shiru. Da farko akwai daɗi: kukan kurciya, zabi suna tsallake hanya, ɓauna ta ɗago kai, can nesa giwa tana karya reshe. Ba ƙarar babur, ba injin niƙa, ba sallamar mai bin bashi. Amma bari a ƙara minti goma. Sai wata hayaniya ta taso, wannan karo daga cikin ƙirjinka: kuɗin makarantar yara, baƙar maganar da aka faɗa maka bara, ɗan'uwan da kuke zama benci ɗaya a majami'a amma wata shida ba ku gaisa ba. Dā ma suna nan, surutun gari ne ya rufe su. Da aka yi shiru sai suka fito kamar kunama daga ƙarƙashin dutse.

Annabi Iliya ya san wannan. Bayan nasarar Dutsen Karmel, Yezebel ta aiko masa da barazanar kisa. Ya gudu har Biyersheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai. Ya sami kaɗaicin da yake nema. Me ya fito daga bakinsa? Roƙon mutuwa! Jeji bai warkar da shi ba, tone abin da ke zuciyarsa ya yi.

Ka lura da yadda Ubangiji ya bi da shi. Bai fara da tsawatawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu. Mu masu wa'azi mukan yi saurin tsallake wannan wuri, alhali wani mai bi ba azumi yake bukata ba, tuwo da barci yake bukata. Sai bayan tafiyar kwana 40, a kogon Horeb, bayan guguwa da girgizar ƙasa da wuta sun wuce, Ubangiji ya yi magana da murya ƙasa-ƙasa. Sau biyu ya tambaye shi abin da ya kawo shi, sau biyu Iliya ya zazzage kukansa, yana cewa shi kaɗai ya rage. Ubangiji ya saurara, sa'an nan ya gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma mai da shi bakin aiki, ya je ya keɓe Elisha. A cikin wannan zance ne salama ta zo masa.

Yau dajin W ba wurin shaƙatawa ba ne. Ƴan bindiga sun shige shi, baƙi sun ɗauke ƙafa, a Fabrairun 2022 ma an kashe masu gadin daji a ɓangaren Benin. Da a ce salamarka tana Tapoa, da an tare maka hanyarta. Amma Wanda ya sadu da Iliya a Horeb yana iya saduwa da kai a gindin dogon-yaron ƙofar gidanka.

Gobe da asuba, kafin yara su tashi, ka fita ka zauna. Ka kashe waya, ka rufe radiyo, har da tasharmu. Idan hayaniyar nan ta taso, kada ka tashi. Ka ambata wa Ubangiji damuwarka ɗaya bayan ɗaya, da sunan ɗan'uwan nan na benci, ka jira abin da zai ce ka yi. Ka kuma sa masu gadin dajin W da mutanen ƙauyukan Tamou cikin addu'arka.