Alhakin Maƙeri: Tunani Kan Yadda Muke Tuna Mamaci

A Kafanchan da ƙauyukan da ke kewaye da ita, idan dattijo Kirista ya rasu akan buga 'yar takardar tsarin jana'iza, da hotonsa a bango da taƙaitaccen tarihinsa a ciki, sai ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya tashi ya karanta wa jama'a. A gidajen Musulmi ba a buga takarda, amma duk wanda ya zauna a tabarmar makoki zai ji an karanta irin wannan tarihi da baki, guntu-guntu, kowane mai gaisuwa yana ajiye nasa. Ta kowace hanya dai, shekaru saba'in ko tamanin na rayuwar ɗan'adam sukan ƙanƙance su koma kalmomi biyu ko uku.

Mun halarci jana'izar wani dattijo da ba za mu ambaci sunansa ba, domin iyalinsa ba su ba mu wannan izini ba. Ɗan ma'aikacin reluwe ne, an haife shi a lokacin da ƙarar jirgin ƙasa ce agogon mutanen Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar layin dogo tun 1927. Ya shiga rundunar mayaƙan sama ba da daɗewa ba bayan kafa ta a 1964, ya koyi aikin injin jirgi a wajen Jamusawan da suka taimaka wajen kafa rundunar, ya yi aiki a lokacin yaƙin basasa, daga bisani ya yi ritaya ya dawo gida yana noman citta. Kalmomi uku aka rubuta a ƙarƙashin hotonsa: soja, injiniya, uba. Tun daga ranar muke tambayar kanmu, shin waɗannan kalmomi uku a bakin juna suke, ko kuwa akwai wadda ke neman rufe wa 'yar'uwarta baki?

Da farko dai, bari mu dubi yadda muke raba girma. Kudancin Kaduna yanki ne da ya ba Nijeriya sojoji fiye da yadda girmansa zai sa a zata. Kowa ya san Janar Martin Luther Agwai da Laftanar Janar Luka Yusuf, waɗanda duka suka shugabanci rundunar sojan ƙasa. An san Zamani Lekwot, wanda ya yi gwamnan soja a Jihar Ribas daga 1975 zuwa 1978, da Ishaya Shekarri, jami'in sojan sama da ya riƙe Jihar Kano daga 1978 zuwa 1979. Waɗannan su ne sunayen da ke bakin ɗalibai. To, a 1989 an ƙaddamar da wani ƙaramin jirgin horar da matuƙa mai suna Air Beetle, wanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, aka kuma samar da kimanin guda 60. A 2018 kuma aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Tsaigumi a wannan gari dai. Mai karatu ya jarraba kansa, ya kawo sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗaura kusoshin waɗannan jirage. Mu dai mun jarraba a aji, shiru kake ji. Ashe gaskiyar Bahaushe da ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan mantuwa ba ta rashin kirki kaɗai ba ce, tana da tushe a yanayin aikin kansa. Tunawa tana son labari, labari kuma yana son abin da ya faru. Mu da muke koyar da adabi mun san cewa kirari da waƙar maza ba su da abin faɗi sai an yi arangama. Shi kuwa injiniyan jirgi, nasararsa ita ce kada kome ya faru. Jirgi ya tashi da safe, ya sauka da yamma, matuƙi ya koma gida ya ci tuwo ya yi wa yaransa faɗa kan karatu. Babu marubucin da zai rubuta wannan, babu maroƙin da zai wasa shi. Sai ranar da aikin ya kuskure ake tuna cewa akwai masu yin sa. Ranar 26 ga Satumba, 1992, jirgin soja samfurin C-130 ya tashi daga Legas, bayan 'yan mintoci ya faɗa cikin fadamar Ejigbo, mutum sama da 150 suka rasu, akasarinsu hafsoshi masu tasowa da ke kwas a Jaji. Ranar 15 ga Disamba, 2012, jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a Jihar Bayelsa da Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, nan kusa da Kafanchan. Mutum shida ne suka mutu a ranar, amma mafi yawanmu sunaye biyu kawai muka riƙe, na Gwamna da na Janar Andrew Azazi. Hatta a cikin mutuwa ɗaya, ba a raba tunawa daidai.

Idan muka nemi sunan halin kirkin da ke cikin wannan aiki a Hausa, ba za mu yi nisa ba. A laccarsa da aka buga a 1974 kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma, amana kuma tana cikin na farko-farkonsu. Kafin jirgi ya tashi akwai takardar da injiniya zai sa wa hannu cewa ya duba, lafiya lau. Matuƙi ba zai buɗe inji ya gani da idonsa ba, haka matarsa da ke gida. Ransa yana rataye ne a kan sa hannun wani mutum da ya yi aikinsa cikin dare, ba mai kallonsa. Wannan ita ce amana tsantsa, domin kuwa ana iya cin ta sau ɗari ba a gane ba. Kuma riƙe ta yana da tsada. A Amurka, wani injiniya mai suna Roger Boisjoly ya rubuta wa shugabanninsa gargaɗi a 1985 cewa zobban robar da ke toshe mahaɗar rokar kumbon Challenger ba su da tabbas. A daren 27 ga Janairu, 1986, ya yi ta roƙo kada a harba kumbon saboda tsananin sanyi, aka ƙi ji. Washegari kumbon ya tarwatse da mutum bakwai. Ladan da ya samu bayan ya ba da shaida shi ne abokan aiki suka juya masa baya, har ya bar aikin.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce a gina wa injiniya gunki a mararraba, mu rufe littafi. Amma akwai kalma ta farko, wato soja. Jirgin da dattijonmu yake gyarawa ba alhazai yake ɗauka ba. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, jiragen yaƙin tarayya sun jefa bama-bamai da suka faɗa kan kasuwanni da asibitoci a yankin Biyafara. Ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojan sama ya yi kuskure ya kai hari kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann ta Jihar Borno, ya kashe mutane masu yawa har da ma'aikatan agaji. Ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya far wa masu Mauludi a Tudun Biri, cikin wannan jiha tamu, aƙalla mutum 85 suka mutu. A dukkan waɗannan ranaku injin ya yi aiki yadda ya kamata. Wani ya duba, ya sa hannu, ya riƙe amanarsa. Wato dai riƙon amanar da ya mayar da matuƙi gida lafiya shi ne ya kai bam inda ya faɗi.

Tambayar tsohuwa ce a wannan ƙasa da aka daɗe ana narka tama, kamar yadda kayan tarihin Nok suka nuna. Maƙerin da ya ƙera fartanya shi ne ya ƙera takobi, a wuta ɗaya, a kan uwar maƙera ɗaya. Idan aka sare wani da takobin, jinin yana wuyan wa? Al'adarmu ta saba wanke maƙeri, ta ɗora alhaki kan mai sara da sarkin da ya tura shi. Akwai hujja a nan, kuma ba ƙarama ba ce. Ƙasar da ba ta da masu ƙera mata makami da masu gyara shi, ganima ce ga duk wanda ya ga dama, kuma mutanen Kudancin Kaduna, da suka binne 'yan'uwansu Musulmi da Kirista a 1987 da 1992 da 2011, ba sa bukatar a yi musu lacca kan darajar tsaro. Har ila yau, injiniya ba shi ke zaɓar inda za a kai hari ba, sau da yawa ma ba ya sani.

Sai dai wannan hujja tana da iyaka, kuma tarihin ƙere-ƙeren sararin samaniya ya nuna mana inda iyakar take. Wernher von Braun shi ne jagoran ƙera rokar V-2 da Jamus ta yi ta harbawa kan Landan da Antwaf a Yaƙin Duniya na Biyu. Fursunonin sansanin Dora ne aka tilasta wa harhaɗa rokar a cikin ramukan dutse, kuma waɗanda suka mutu wajen ƙera ta sun fi waɗanda ta kashe yawa. Ya ziyarci wurin, ya gani. A 1945 ya miƙa wuya ga Amurkawa, ya jagoranci ƙera rokar Saturn V da ta kai mutum duniyar wata a 1969, ya rasu a 1977 yana da mata da 'ya'ya uku. Soja, injiniya, uba, duk kalmomin nan uku za su iya hawa takardar jana'izarsa ba tare da an yi ƙarya ko ɗaya ba. A nan ne muka gane cewa abin da ke raba maƙeri da maƙeri shi ne abin da ya sani, da abin da yake da ikon ƙi, da kuma abin da ya yi da saninsa. Kalmomi uku ba sa faɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ba muna kwatanta dattijonmu da von Braun ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da muke cewa shi ne kalmar uba, wadda ita ce ta fi sa mutane hawaye a wajen jana'iza, shaida ce a kan abu ɗaya kawai. Shaida ce mai ƙarfi, domin mutum yana iya yaudarar ofis shekara talatin, amma da wuya ya yaudari matar da ta san yadda yake idan albashi ya ƙare. Wanda ya biya wa ƙannensa da marayun 'yan'uwansa kuɗin makaranta, ya kwana a asibiti kan tabarma gefen ɗansa, ya cancanci a faɗa. Amma tausayin mutum ga nasa ba ya gaya mana kome game da tausayinsa ga ɗan wani da ke ƙarƙashin jirgi. Kura ma tana lasar 'ya'yanta.

To, mene ne haƙƙin mamaci a kanmu? Musulmi da Kiristan wannan yanki sun haɗu kan cewa ba a tona asirin wanda ya riga mu gidan gaskiya, kuma mukan ce shaidar duniya ita ce ta lahira. Muna ganin wannan daidai ne a muhallinsa. Zaman makoki na masu rai ne, na gwauruwa da marayu, kuma wanda ya je can da tambayar Biyafara a bakinsa ya rasa kunya, ba gaskiya ya tsaya wa ba. Amma bayan an naɗe tabarma akwai wani zama na biyu, wato na tarihi, wanda haƙƙin al'umma ne, har da waɗanda bam ya faɗa wa. Mu mun ƙware a zama na farko, na biyun kuwa kusan ba ma yin sa. Kowace shekara ranar 15 ga Janairu akan ajiye furanni a saki tantabaru don tunawa da 'yan mazan jiya, amma su wa suka bi tsofaffin da suka yi yaƙin Bama da rikoda kafin su ƙare? Su wa ke bin na yaƙin basasa, waɗanda ƙaraminsu ya haura saba'in? A nan laifin ya dawo kanmu, mu da ke sassan harshe da adabi da tarihi, muna tura ɗalibai su tattaro tatsuniya, muna barin mutumin da ya ga abin da ya fi tatsuniya ban tsoro yana zaune a ƙofar gidansa yana ɓare gyaɗa.

Kuma rashin wannan zama na biyu shi kansa mamacin yake cuta. Yabo na bai-ɗaya yakan mayar da mutane duka iri guda, har a kasa bambance wanda ya taɓa ƙin sa hannu a takardar jirgi mai matsala, ya sha fushin manya, da wanda ya sa hannu don a zauna lafiya. Mai yiwuwa dattijonmu yana da irin wannan rana a rayuwarsa, wadda ta fi dukkan lambobin da aka jera a kan akwatinsa daraja. Mai yiwuwa kuma yana da daren da ya ji labarin inda jirginsa ya je, ya kasa barci.

Bayan an watse, babbar 'yarsa ta nuna mana wata akwatin ƙarfe ta sojoji da ke ƙarƙashin gadonsa. A ciki akwai littattafan rubutu masu baƙin bango, cike da zanen inji da lissafi da ranaku, cikin rubutunsa ƙanana-ƙanana. Ta ce tun suna yara suke ganin akwatin, ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ke ciki, shi ma bai taɓa ɗauko zancen yaƙi a gida ba, ko sau ɗaya. Muka tambaye ta ko za ta yarda a karanta. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce sai ta shawarci mahaifiyarta.