Shin Rage Zafin Ciwo Yana Rage Ladan Haƙuri?

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da cuta, Mai saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, akwai wata cuta da likitoci ke kira fibiromiyalji, wadda ta fi kama mata. Mai fama da ita jikinta duk ciwo yake, wata da watanni. Ta kwana ta tashi kamar ba ta runtsa ba, ga kasala, ga mantuwa. Amma in an auna jininta, an ɗauki hoton ƙasusuwanta, sai a ga komai lafiya lau. Masana suna ganin tushen cutar a jijiyoyi da ƙwaƙwalwa yake: su ne ke ƙara wa saƙon zafi ƙarfi, har ɗan taɓi ya zama azaba.

Daga cikin abin da ake sassauta ta da shi akwai wata ƴar na'ura mai batir da ake kira TENS. Ana manna wayoyinta a fata, sai ta riƙa aika ƴar wutar lantarki mai kama da tafiyar kiyashi. A 1965 masana biyu, Melzak da Wol, suka bayyana cewa a cikin laka akwai abu kamar ƙofa: saƙon taɓi yana iya tare wa saƙon zafi hanya. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yake murza ƙafarsa. Tun a ƙarni na farko na Miladiyya ma wani likitan Rum yana maganin ciwon kai da kifin teku mai lantarki, irin halin minjiryar kogunanmu.

A 2020 aka buga sakamakon gwajin da masana na Jami'ar Ayowa ta Amurka suka jagoranta a kan mata 301. Bayan mako 4, kashi 44 cikin 100 na masu na'urar gaske sun sami sauƙi bayyananne, na masu na'urar gwaji kuwa kashi 22. Ke nan sassauci ce, ba warkarwa ba, kuma ba kowa take yi wa aiki ba.

To, ga tambayar: tunda ciwo kaffara ne ga mumini, wadda ta rage zafinta da na'ura ba ta rage ladanta ba?

Amsarmu ita ce a'a. Haƙuri ba a auna shi da yawan azaba. Mazauninsa zuciyar da ta yarda da hukuncin Ubangiji, da harshen da ya kame daga saɓo. Annabi Ayuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya kai kukansa ga Allah, aka umarce shi da ya yi wanka da ruwa ya kuma sha, bai fita daga sahun masu haƙuri ba. Na'ura sababi ce, kamar bargo ga mai jin sanyin hunturu. Wadda ta sami sauƙi har ta tsaya salla a kan ƙafafunta, ta kula da ƴaƴanta, ƙofar lada aka ƙara buɗe mata.

Inda muke tsoron hasarar lada shi ne wajen masu lafiya. Saboda ciwon ba ya ganuwa, sai miji ya ce lalaci ne, uwar miji ta ce shagwaɓa ce, maƙwabta su ce sammu ne, a tafi gidan boka. Wa ya ba mu ilimin abin da ke cikin jikin wani? Ciwon da ido bai gani ba, Allah yana ganinsa, kuma munana zato ga majinyaci zalunci ne a kan jarrabawa. Kada kalmar "yi haƙuri" ta zama hanyar rufe bakin mai ciwo don mu huta da ɗawainiyarsa.

Saboda haka mu gaskata su, mu kai su asibiti, mu ɗauke musu aikin da ya fi ƙarfinsu. Kada a taɓa na'urar sai da shawarar likita, musamman mai juna biyu, da mai farfaɗiya, da wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu tausayinsu. Amin.