Idan Jini Ya Zuba A Ɗakin Aure: Darasi Daga Shari'ar Gezawa

 

'Yan'uwana mata, nasiharmu a wannan fitowa a kan magana ce mai nauyi, wato kisan kai tsakanin miji da mata, da yadda shari'arsa take tafiya tun daga ofishin 'yan sanda har ranar hukunci. Mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum mun sha zaman makoki a sanadin 'yan bindiga, amma jinin da ya zuba a ɗakin aure ciwonsa daban ne, domin wanda ake zargi da wanda ya rasu shimfiɗarsu ɗaya, shaidu kuma sau da yawa mu ne: kishiya, uwar miji, maƙwabciya. To me Allah yake so daga mace Musulma a irin wannan rana?

Nauyin rai a wurin Allah

A Suratun Nisa'i, aya ta 93, Allah (SWT) ya tara wa wanda ya kashe mumini da gangan narkon Jahannama da fushinsa da tsinuwarsa da azaba mai girma. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa jini ne abin da za a fara yi wa hukunci a tsakanin mutane ranar alƙiyama. Babu inda aka ce ban da miji ko ban da mata. Mijin da ya doki matarsa har rai ya yi halinsa, da matar da ta sa wa mijinta wuƙa ko guba, duk suna ƙarƙashin wannan gargaɗi.

Yadda shari'ar Gezawa ta gudana

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Bari mu bi wata shari'a da aka yi a Jihar Kano, wadda labarinta ya kai har ƙasashen waje, domin matakan da ta bi kusan su ne ake bi a nan wajenmu.

A watan Afrilu na 2014, a ƙauyen Unguwar 'Yansoro, wani ango ɗan shekara 35 da wasu mutum uku suka rasu bayan sun ci abinci a gidansa, ba a fi 'yan makonni da ɗaurin aure ba. Aka kama amaryar, yarinya 'yar shekara 14, bisa zargin ta zuba maganin ɓera a abincin. Ba sai mun kama sunanta ba, tunda kotu ta sallame ta, kuma Musulunci yana son sitirta mutum.

Matakin farko shi ne binciken 'yan sanda. Suka ce ta amsa laifi, aka rubuta jawabi ta dangwala yatsa, domin ba ta iya rubutu ba. Daga nan magana ta koma hannun lauyoyin Ma'aikatar Shari'a, waɗanda suka gurfanar da ita a Babbar Kotun Jiha da ke zama a Gezawa, gaban Mai Shari'a Mohammed Yahaya, suna neman a yanke mata hukuncin kisa. Da aka karanta mata tuhuma ba ta ce uffan ba, kotu ta rubuta cewa ba ta amsa laifi ba. Aka shiga sauraron shaidu, cikinsu har da wata ƙaramar yarinya da ta ce ita aka aika sayen maganin. Lauyarta, Hussaina Aliyu ta ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ta tsaya a kan cewa yarinya ce ƙarama, bai kamata a yi mata shari'ar manya ba. Aka yi ta ɗage zama, yarinya tana tsare fiye da shekara guda. A ƙarshe Kwamishinan Shari'a na jihar ya yi amfani da ikon da sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulki ya ba shi, ya janye ƙarar, a watan Yuni na 2015 kotu ta sallame ta.

Ki lura fa, 'yar'uwa, janye ƙara ba hukunci ba ne. Kotu ba ta ce ta aikata ba, ba ta kuma ce ba ta aikata ba. Gidaje sun rasa mutum huɗu, yarinya ta rasa ƙuruciyarta, ragowar hisabi yana wurin Allah.

Idan abin ya faru a wajenmu

Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, aka fara aiki da ita ranar 27 ga Janairu 2000. Saboda haka shari'ar kisa tana iya zuwa Babbar Kotun Shari'ar Musulunci, tana kuma iya zuwa Babbar Kotun Jiha mai aiki da dokar Final Kod. Ko wace ce daga ciki, ana farawa ne da kai rahoto ofishin 'yan sanda na gari, daga nan a miƙa bincike hedikwata a Gusau. Doka ta ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, kuma jawabin da aka tatsa da duka ko tsoratarwa kotu ba ta karɓarsa. Wadda ba ta da kuɗin lauya tana iya neman Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta Tarayya. Bayan hukunci akwai damar ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato, sannan Kotun Ƙoli a Abuja, kuma ba a zartar da kisa sai gwamna ya sa hannu.

Bambancin da ya kamata mu sani shi ne wannan. A ƙarƙashin Final Kod gwamnati ce mai ƙara, yafewar dangi ba ta rufe shari'a. A shari'ar Musulunci kuwa, kamar yadda Suratul Baƙara, aya ta 178, ta tsara, magadan jini suna da zaɓi: ƙisasi, ko karɓar diyya, ko yafewa domin Allah. Diyyar asali raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinare. A mazhabar Malikiyya ko an yafe, mai kisan ganganci yana shan bulala 100 da ɗaurin shekara ɗaya, kuma ba ya gadon wanda ya kashe. Yaron da bai balaga ba kuwa ba a yi masa ƙisasi, danginsa ne suke biyan diyya. Duk wannan a gaban alƙali ake yinsa. Suratul Isra'i, aya ta 33, ta ba waliyyin mamaci haƙƙi, ta kuma hana shi wuce iyaka. Wanda ya ɗauki adda ya je ramuwa da kansa ya buɗe sabon laifi ne.

Aikin mace Musulma a ranar

Na farko, kada ki taya ɓoyewa. Mu kan ji ana cewa a rufa asiri, a wanke ɗaki, a yi jana'iza da sauri, a ce ciwon ciki ne. Wallahi wannan ba rufin asiri ba ne, taimakon zalunci ne, kuma yana iya jawo a tuhumi wanda bai ji ba bai gani ba. A bar wurin yadda yake, a ajiye ragowar abinci ko makami, a sanar da mai gari da hukuma, a bar likita ya duba.

Na biyu, ki faɗi gaskiya idan an kira ki shaida. Suratun Nisa'i, aya ta 135, ta umarce mu da tsayar da shaida domin Allah ko da a kan kawunanmu ne ko iyaye ko dangi, Suratul Baƙara, aya ta 283, kuma ta kira mai ɓoye shaida mai zunubin zuciya. Ki faɗi abin da idonki ya gani da abin da kunnenki ya ji, ki tsaya nan. Kada haushin kishi ya sa ki ƙara gishiri, kada son ɗanki ya sa ki rage. Idan kin san ana dukan yarinyar, ko ta sha kawo kuka ana mayar da ita, wannan ma shaida ce, kuma alƙali yana bukatar jin ta. Ki tuna matar nan ta ƙabilar Makhzum da ta yi sata, aka tura Usama ɗan Zaidu ya roƙa mata sassauci, Manzon Allah (SAW) ya yi fushi ya ƙi, ya nuna cewa ko 'yarsa ce hukunci ɗaya ne.

Na uku, ki kame bakinki. Kafin alƙali ya zauna, mu mun gama yanke hukunci a gidan suna da bakin rijiya da WhatsApp, har da yaɗa hoton gawa. Wanda ake zargi yana da uwa, mamaci yana da 'ya'ya da za su girma su ji. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umarce mu da bincika labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci.

Na huɗu, haƙuri da zumunci. Shari'ar kisa tana cin watanni, wani lokaci shekaru, da kuɗin mota zuwa Gusau da dawowa. Marayun da aka bari a tsakani ba su da laifin kowa, kada a raba su da dangin uwa ko na uba don huce haushi.

Ƙofofin da shari'a ta buɗe tun kafin kotu

Kotu ba ta dawo da rai, ita ce tasha ta ƙarshe. Rigakafi kuwa ya fi magani. A shari'ar Gezawa an yi ta maganar cewa yarinyar ba ta son auren, mahaifinta kuma ya musanta cewa an tilasta mata. Ko ma yaya ne, iyaye mata mu sani cewa Bukhari ya ruwaito Khansa'u 'yar Khizam ta kai ƙarar auren da mahaifinta ya yi mata ba da sonta ba, Manzon Allah (SAW) ya warware shi. Matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta ce ba za ta iya zama da mijinta ba, aka ce ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, aka raba su. Suratun Nisa'i, aya ta 35, ta ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Malikiyya kuma sun ba alƙali ikon raba aure idan cutarwa ta tabbata.

Saboda haka idan 'yarki ta yi yaji sau ɗaya, sau biyu, kada amsarki kullum ta zama “koma, aure ɗan haƙuri ne.” Zaunar da ita ki saurara. Ke kuma da kike cikin ƙunci, idan kin ji zuciya ta fara raya miki mugun abu, ki nemi tsari da Allah, ki yi alwala, ki bar ɗakin, ki tafi wurin waliyyinki ko limami ko Hisba ko alƙali. Zawarci ba abin kunya ba ne. Gara a ce ga bazawara da a ce ga wadda ake tuhuma, ko ga gawarta.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya sanya ƙauna da tausayi tsakaninmu da mazajenmu, ya tsare hannayenmu daga jini, harsunanmu daga shaidar zur. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.