Nasiha Ga Muridai Game Da Ziyarar Ruwan Zafi

Na fara da sunan Allah. Godiya ta tabbata gare Shi, wanda Ya ajiye wuta ƙarƙashin ƙasa, Ya gudanar da ruwa a bisanta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa cikin ɗarika, an tambaye ni hukuncin muridi ya tafi kallon ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa a gindin duwatsu masu aman wuta. Na ce halal ne, amma da sharuɗɗa, kuma ladansa yana ga niyya.

Ku sani irin wannan ruwa yana Jabal Marra a ƙasar Darfur, wadda alhazanmu na dā suka riƙa ratsawa da ƙafa. Tsawon dutsen ya haura mita 3,000, a kansa akwai ramin Deriba mai tafki biyu da idanun ruwa masu zafi. Akwai shi kuma a Soborom cikin duwatsun Tibesti na Cadi, inda Tubawa kan je neman lafiya. Amma Wikki ta Yankari a ƙasar Bauchi, ɗuminta daraja 31 ne rani da damina, kuma daga zurfin ƙasa yake, babu dutse mai aman wuta a wurin.

Fasali. Asalin wannan ruwa na sama ne. Yana sauka da sanyinsa, ya nutse cikin tsagar dutse har ya kusanci wutar da ke ƙasa, ya daɗe a nan, kana ya hauro da zafi. In ka ɗebe shi a ƙwarya ka yi nisa, kafin ka isa masauki ya huce. To, ya ɗan'uwa, haka zuciyarka take. Ba ta da zafin kanta. Abin da kake ji na shauƙi aro ne daga wuridi da zama gaban shehu da halartar wazifa. Ka bar lazimi kwana uku don yawon kallo, ka duba abin da zai saura.

Wutar nan kuwa gaskiya ce. A shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, ta fito gabashin Madina, narkakken dutse ya yi ta malala, mutanen birnin suka taru a masallacin Annabi suna kuka suna tuba. Wanda ya tsoma yatsa cikin ruwan da ta ɗumama ya janye da sauri, ya tuna wadda ba a janyewa daga gare ta.

Fasali cikin sharuɗɗa. Na farko, ka fita da niyyar lura da ikon Allah. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ratsa Hijru, mazaunin Samudawa, a tafiyar Tabuka shekara ta 9, bai bar sahabbai su shiga da raha ba, ya umurce su da kuka. Ruwan zafi ba wurin azaba ba ne kamar Hijru, amma ladabin kallon aya ɗaya ne. Na biyu, ka suturce al'aurarka daga cibiya zuwa gwiwa, ka runtse ido, kada ka shiga inda maza da mata suke cakuɗe. Na uku, kada salla ta fita lokacinta. Warin farar wuta ba ya hana alwala, domin malaman Malikiyya sun ce ruwan da ya canza saboda mazauninsa mai tsarki ne mai tsarkakewa. Na huɗu, in ka yi wanka don ciwon gaɓɓai ko ƙaiƙayi, ka riƙe shi sababi kawai. Kada ka yi yanka ko bakance ga idon ruwa, wannan ƙofar shirka ce. Na biyar, kada ka jefa kanka ga halaka. Wasu idanun suna sale fata, kuma yaƙin da ya tashi a Darfur a 2003, da wanda ya ɓarke a 2023, sun ɓata amincin hanyar can.

Wanda ba zai iya cika waɗannan ba, zamansa a zawiya da tasbaharsa ya fi masa alheri.

Allah Ya ɗumama zukatanmu da ambatonSa, Ya tsare mu daga wuta, mu da iyayenmu da shehunanmu. Amin. Tammat, da godiyar Allah.