Yaron Da Ba Ya Iya Jira

Jama'a, kowace unguwa ta san shi. Shi ne yaron da idan aka aike shi sai ya zura a guje tun ba a gama faɗa masa saƙon ba. A filin ƙwallo shi ke fara kai naushi, jim kaɗan kuma ka gan shi yana dariya da wanda ya nausa. Ka ba shi kuɗin makaranta na mako, ya cinye su ranar Asabar. Muna ce masa mai rawar kai, mai garaje, mai ɗanyen kai. Wani lokaci mu yi masa dariya, wani lokaci mu zane shi. Abin da ba mu cika lura da shi ba, duk cikin sa'o'insa shi ne ya fi kusa da hannun mai sayar da ƙwaya.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da bayyana dalili. Sashen ƙwaƙwalwa da ke kwaɗaita wa mutum jin daɗi da son gwada sabon abu yana tashi da ƙarfi tun farkon balaga. Shi kuwa sashen da ke bayan goshi, wanda ke cewa dakata ka duba abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Tsakanin nan, matashi doki ne ƙosasshe da ba a gama ɗaura wa linzami ba. Duk samari da 'yanmata haka suke, amma wasu tazarar tasu ta fi ta wasu faɗi, kuma ana iya gane su tun suna ƙanana.

A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an bi rayuwar yara fiye da 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973, tun suna shekara 3 har suka girma. Sakamakon da aka fitar a 2011, na duba su da aka yi suna shekara 32, ya nuna waɗanda suka fi kasa kame kansu a yarinta su ne suka fi faɗawa shaye-shaye, bashi da aikata laifi, ko ɗan mai kuɗi ne ko ɗan talaka, ko mai kaifin basira ne ko a'a. Amma a cikin binciken akwai abin da ya kamata ya kwantar wa iyaye hankali: yaran da halinsu ya gyaru yayin da suke tasowa sun fi samun kyakkyawar makoma. Ashe garaje hali ne da ke karɓar tarbiyya.

Sai batun abokai. A Amurka, Laurence Steinberg da abokan aikinsa sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta. Matashin da ke shi kaɗai yana tuƙi da hankali kusan kamar babba. Da aka zaunar da abokansa suna kallo, sai kasadarsa ta ƙaru sosai, alhali manya ba su wani canza ba. Wanda ya taɓa zama kusa da majalisar samari bayan sallar isha'i ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Kalma ɗaya ce, "kai matsoraci ne", sai kwalba ta kai baki. Yaron bai zauna ya yanke shawarar zama ɗan maye ba. Daƙiƙa biyu ce ta wuce, kuma abin yana nan a hannu.

A nan ne laifinmu yake, domin mu muka bar abin a hannu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A 2018, bayan fim ɗin binciken da BBC ta yi kan kodin, gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tarin da ke ɗauke da shi. Kasuwa ba ta mutu ba, ta sauya kaya ne. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100, amma wanda hukumar NDLEA ke kamawa a kwantena yakan kai 225. Ga wiwi, ga sholisho da ko ɗan firamare zai iya saye, ga ƙwayoyin barci da ake jefawa a lemo a gidan biki. Kuma duk abin da yaron ya sha, ɗan kamun kan da ya rage masa yake ƙara sassautawa, sai gobe ƙin karɓa ya fi yau wuya.

Iyaye maza, ku ji tsoron Allah a kan kalmar nan ta "fita ka bar min gida". Yaro mai zafin kai da ka kora da dare, ina kake zaton zai kwana? Waɗanda za su karɓe shi hannu bibbiyu su ne waɗanda kake gudun ya haɗu da su. Irin wannan yaro jan sa ake yi a jiki. A san inda yake daga la'asar zuwa lokacin barci. A ba shi aikin da zai gajiyar da jikinsa ya kuma ga sakamakonsa da wuri: kanikanci, walda, gona, ƙwallo a ƙarƙashin babban da aka yarda da shi. Kada a damƙa masa kuɗi masu yawa a lokaci guda. A koya masa jira da ƙananan abubuwa, a cika masa alkawari idan ya jira, domin yaron da aka saba yi wa alkawarin ƙarya ba shi da dalilin haƙuri. Azumin da muke horar da yara da shi, rabin yini sannan yini cikakke, darasi ne na wannan, sai dai mukan ajiye shi da an ga watan sallah.

Iyaye mata, ɓoye wa uba ba ƙauna ba ce. Idan kin ga barcin rana ya yi yawa, magana tana jan jiki, kuɗi na ɓacewa a ɗaki, ki faɗa tun abin yana ƙarami. Ki duba 'yarki kamar yadda kike duba ɗanki, tunda ita a cikin ɗaki take sha, ba wanda zai gan ta a bakin titi ya kawo miki labari.

Mai kemis da ke miƙa wa ɗan shekara 15 ƙwaya ba takardar likita, maƙwabcinmu ne, sahu ɗaya muke sallah. Mai unguwa da liman su same shi su yi masa magana, idan ya ƙi a kai ƙararsa. Ɗan siyasar da ke tara 'yan jagaliya ya raba musu kayan maye a ranar gangami, ya san sarai irin yaran da yake zaɓa, marasa tsayawa su yi tunani, kuma nasa 'ya'yan ba sa cikin motar. Mu daina tafa masa.

Wanda kuwa ya riga ya faɗa, mari ba ya warkar da shi. Ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019 ba, mutum fiye da 300 a kulle a gida ɗaya, wasu da sarƙa a ƙafa, da yawansu kuma danginsu ne suka kai su da sunan gyaran hali. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano. A kai shi likita ya duba shi, domin sau da yawa a ƙarƙashin shan akwai damuwa ko wata larura da ba a taɓa ganowa ba. Idan an sallamo shi, kada a mayar da shi majalisar da ya baro da wayar da ke ɗauke da lambar dila. A sauya masa layi, a sama masa wurin aiki, wani babba a gidan ya ɗauki nauyin raka shi duk ranar da likita ya ce ya dawo.