Ana Iya Taƙaita Mutum Cikin Layi Biyu?

Duk wanda ya taɓa juya bayan kwalin faifan fim ya san irin rubutun nan, layi biyu ko uku da ke gaya maka abin da za ka gani. Ga ɗaya, da kalmomina: wani saurayi ɗan ƙabilar Tutsi ya saci adda a kasuwar Kigali, ya kama hanya tare da abokinsa ɗan ƙabilar Hutu, zai je ya kashe wanda ya kashe mahaifinsa. Labarin Munyurangabo ke nan, ƙaramin fim da Lee Isaac Chung, Ba'amurke ɗan asalin Koriya, ya ɗauka a Ruwanda cikin kwana 11, da 'yan wasan da ba su taɓa sana'ar ba. An nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 2007.

Ba ƙarya cikin taƙaitawar. Amma ku duba, 'yan'uwa, abin da ta yi wa mutane uku. Ta mai da su Tutsi, Hutu da mai kisa. Tambayar da ta dame ni ita ce: ba haka ƙiyayya ma take aiki ba?

A Ruwanda wannan ba misali ba ne kawai. Tun shekarun 1930 Turawan Beljiyam suka sa a rubuta ƙabilar kowa a katin shaidarsa. Sa'ad da kisan ƙare dangi ya ɓarke a Afrilu 1994, masu tare hanya suka riƙa karɓar katin nan suna dubawa. Kalma ɗaya ta isa a kashe mutum ko a bar shi. Cikin kwana kamar 100, mutane wajen 800,000 suka hallaka bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba wanda ya tsaya tambayar ko mai katin malamin makaranta ne, ko ya bar jariri a gida.

Aikin fim ɗin kuwa shi ne warware taƙaitawar a hankali. Samarin biyu, Ngabo da Sangwa, suka ya da zango a ƙauyen iyayen Sangwa, sai labarin ya ƙi yin sauri. Ana noma, ana gyaran bangon ɗaki, uwa tana ciyar da ɗanta da ya daɗe bai zo gida ba, maraya kuma yana kallo daga gefe. Mahaifin Sangwa bai so baƙon ba, gama a ganinsa ƙabilun nan biyu abokan gaba ne, shi ke nan. Abota ta tsage. Ngabo ya ci gaba shi kaɗai da addarsa, ya iske mutumin da yake nema kwance, ciwo ya ci ƙarfinsa, yana roƙon ruwa. Ya je ya ɗebo.

Wani zai ce ai wannan mafarkin masu fim ne, kuma yana da hujja. A No Man's Land na Danis Tanović, wanda ya fito a 2001, sojan Bosniya da na Sabiyawan Bosniya sun maƙale a rami ɗaya, har suka gano akwai wata mace da dukansu suka sani. Duk da haka suka mutu da gabarsu. Sanin juna ba laya ba ne. Ruwan da Ngabo ya ɗebo ma bai wanke mutumin daga laifinsa ba. Mai kisa ne, kuma shari'a tana da nata hakkin a kansa. Sai dai ba mai kisa ne kaɗai ba. Mai ƙishirwa ne kuma, mai karatun Littafin Misalai kuwa ya san abin da aka umarta game da maƙiyi mai ƙishirwa.

Ba za mu iya rayuwa ba tare da taƙaitawa ba, ni ma da ita na fara. Inda nake jin tsoro shi ne cikin gida, wurin cin tuwon dare. Waɗanda suka ga Kaduna a 2000 ko Jos a 2001 suna da abin da suka gani da idonsu, ba mai ikon ce musu su manta. Amma yaron da aka haifa bayan haka bai ga kome ba. Abin da yake da shi duka shi ne layi biyun da ya ji daga bakin babansa game da mutanen ƙetaren titi, kuma da su zai shiga kasuwa gobe.